Daminar Jirgin Baban Basira

A bakin garin Dumega, wajen hanyar da ke fita gonaki, akwai wani gida mai ɗaki biyu da rumbu ɗaya. Mutum huɗu ne a cikinsa a wannan shekarar. Akwai Kaka Hindatu, tsohuwa mai tsayawa a kan maganarta, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Akwai surukarta Maimunatu, da ƴaƴan Maimunatu biyu: Basira mai shekara tara, da Kamal wanda bai daɗe da fara tafiya ba. Suna da gona mai kyau a gefen kwari, da awaki uku, da irin hatsi wanda aka zaɓa tun kaka aka ɗaure shi daban a cikin rumbu. Abin da suka rasa shi ne namijin da zai riƙe sungumi ranar shuka.

Mai gidan, Naziru, shi ne autan Kaka Hindatu kuma baban su Basira. Kamar sauran mazan garin, da an gama girbi yakan tafi cin rani, sai hadari ya fara haɗuwa ya dawo. Shekara goma sha ɗaya yana haka. Ya yi dako a Kwatano, ya sayar da shayi a Legas, amma bai taɓa barin ruwan shuka ya riga shi gida ba. Akwai kuma wata al'ada a gidan tun zamanin kakansa: ramin farko a gona, mai gonar ne ke sara shi da hannunsa. Sai ya sara ya yi bisimilla sannan a fito da iri. Ba wanda ya san dalilin, ba kuma wanda ya taɓa tambaya, domin ba a taɓa rasa mai saran ba.

A wannan karon Naziru bai yi kudu ba, arewa ya yi. Ya bi ta Agadas, ya zauna a Aljeriya wata biyu, daga nan ya wuce Tunisiya, wani gari a bakin Bahar Rum. A can ya samu aiki a wata tasha da masu hali ke ajiye jiragen ruwansu na shaƙatawa. Aka ba shi jirgi ɗaya ya kula da shi.

Hotunan da ya fara aikowa a wayar Maimunatu sun tara mata maƙwabta. Ga Naziru tsaye a kan wani farin jirgi mai hawa biyu, ƙarafunansa suna ƙyalli, bayansa kuma ruwa ne shuɗi har iyakar gani. Wasu suka ce Naziru ya sayi jirgi. Maimunatu ta gaji da faɗa musu cewa ba nasa ba ne, tsaronsa kawai yake.

Kaka Hindatu ta riƙe wayar nesa da fuskarta, ta daɗe tana kallo.

"To, kiwo aka ba shi ke nan," ta ce. "In abin ya haihu, ɗan fari namu ne ko na mai shi?"

Matan suka yi dariya. Ita ma ta yi, amma ta ƙara tambaya da gaske: "Mi jirgin yake ɗauka? Mutane ko kaya?"

Maimunatu ta ce ba ta sani ba.

"Kihi yake kamawa?"

Wannan ma ba ta sani ba.

Basira ce ta fi shan wahalar wannan rashin sani. Wata rana a lakwal, wato makarantar boko, malamin ajinsu, wanda suke kira Mushe Abdulrazak, ya ce kowane yaro ya faɗi sana'ar babansa. Wani ya ce noma, wani ya ce ɗinki, wata ta ce babanta yana da amalanke. Da aka zo kan Basira ta miƙe ta ce, "Babana wanke jirgin ruwa yake."

Wani yaro mai suna Huzaifa ya ɗaga hannu. "Mushe, ina da tambaya. Jirgin yana cikin ruwa?"

"Yana ciki," in ji Basira.

"Da mi ake wanke shi?"

"Da ruwa."

Ajin ya kaure da dariya. Mushe Abdulrazak ya tsawatar, ya ce duk aikin halal abin girmamawa ne. Basira ta koma ta zauna. Ba dariyar ce ta fi damun ta ba. Abin da ya dame ta shi ne ita ma tambayar Huzaifa ta daɗe tana cikin ranta.

Da zafi ya tsananta, aka fara ganin walƙiya daga gabas, mazan garin suka soma dawowa ɗaya bayan ɗaya. Kowace motar kasuwa ta sauke mutum biyu ko uku da jakunkunansu. A cikin waɗannan kwanaki ne Naziru ya kira da hantsi. Basira tana wanke kwanoni kusa da mahaifiyarta, ta ji abin da ya ce, domin wayar tana da ƙara.

"Maimunatu, bana ba zan samu zuwa shuka ba. Sai bayan watan tara, ko na goma."

Maimunatu ta ce, "Ka faɗa wa Iya da bakinka."

Aka kai wa tsohuwa wayar. Suka gaisa, ta tambaye shi abinci, ta tambaye shi zafi, sannan ta ce, "Auta, an hwara walƙiya. Na sa an gyara maka ƙotar sungumi. Yaushe kake tahowa?"

Basira ta tsaya da wankin kwanon tana jira. Ta ji babanta ya yi gyaran murya.

"To, Iya... za mu ga yadda Allah ya yi. Aikin nan akwai ɗan nauyi."

"Allah shi kawo ka lahiya," in ji Kaka Hindatu, ta miƙa wayar. Ta dubi surukarta ta ce, "Shina tahe."

Naziru bai iya cewa uwarsa a'a ba, domin bai taɓa yi ba. Maimunatu kuma ba ta iya ce wa uwar mijinta ta ji ba daidai ba. Sau ɗaya ta gwada, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Iya, kamar ya ce aikin ba zai bar shi ba." Tsohuwa ta ce, "Wane irin maigida ne zai hana mutum gonarshi da damina? Ko Yarbawan Legas sun san wanga." Daga nan maganar ta mutu.

Basira ta rasa wanda za ta gaskata. Ta ji babanta ya ce ba zai zo ba, ta kuma ji bai ce haka ba. Innarta ta san ba zai zo ba, amma kullum tana share ɗakinsa idan Kaka ta ce a share. Da Basira ta tambaye ta, sai ta ce, "Ke dai yi shiru, maganar manya ce."

Ran wata Talata bayan la'asar ruwa ya sauka. Ruwa ne sosai, har ya tsaya a tsakar gida. Da ya ɗauke, Kaka Hindatu ta fita bayan gida ta tona ƙasa da hannu, danshi ya kai mata har wuyan hannu.

"Ruwan shuka ne," ta ce.

Washegari da sassafe garin ya watse zuwa gonaki. Maza a gaba suna sara da sungumi, taki ɗaya sara ɗaya. Mata da yara a baya da ƙananan ƙorai, suna zuba ƙwayoyin hatsi a rami suna rufewa da diddige. Kowa na sauri, domin danshin ruwan farko kwana biyu yake yi, in ya daɗe uku. Wanda ya bari ƙasa ta bushe sai ya jira wani ruwan, wanda ba a san ranarsa ba.

A gidan su Basira ba wanda ya fita. Kaka Hindatu ta shimfiɗa tabarma a gindin rumbu ta zauna, sungumin Naziru yana jingine kusa da ita.

Idi, maƙwabcinsu kuma abokin Naziru tun suna yara, ya leƙo da rana tsaka, ƙafafunsa duk laka.

"Iya, na kusa gama tawa. Ki ba ni iri, gobe in shiga ta Naziru. Ni da shi ai ɗaya ne."

"Allah shi yi maka albarka, Idi. Amma mai gona shina hanya."

"Iya, Tunisiya fa da nisa."

"Legas ma da nisa, ya zo. Kuma wancan lokacin ba shi da jirgi. Yanzu kuwa ga shi zaune kan jirgi mai inji har biyu, shi da bakinshi ya hwaɗa. Ruwa ya sauka, kwari ya kawo. Ruwa ai ruwa yake bi."

Idi ya buɗe baki, ya dubi Maimunatu, ya rufe. Ya ce Allah ya kawo shi lafiya, ya fita yana sosa ƙeya.

Basira ta bi Kaka da kallo. Ba ta san ko wasa take ba, kamar ranar maganar haihuwar jirgi. Ta je bakin kwari da yamma ta duba. Ruwan da ya taru bai kai mata gwiwa ba, kuma awaki suna sha a gefensa. Ta yi ƙoƙarin ganin farin jirgin nan mai hawa biyu a ciki, ta kasa. Amma ai ba ta taɓa ganin jirgin ruwa da idonta ba. Wataƙila ba ya bukatar ruwa mai yawa.

Laraba ta wuce ba a shuka ba.

Ran Alhamis da safe Basira ta tona bayan gida kamar yadda ta ga Kaka ta yi. Saman ƙasar ya bushe, sai da ta nutsa yatsunta duka ta ji sanyi. Ta shiga ɗaki ta tarar da innarta zaune da Kamal a cinya, ba ta yin komai.

"Inna, ba ni wayar."

"Ki yi mi da ita?"

"Zan kira Baba."

Maimunatu ta dube ta, sannan ta ciro wayar daga ƙarƙashin matashi ta ba ta.

A garin, wurin da waya ta fi kamawa shi ne tudun da lakwal take. Basira ta tarar da ajin babu kowa sai Mushe Abdulrazak yana gyaran takardu, domin yara duk suna gona.

"Basira? Ku kun gama shukar?"

"Ba mu fara ba, Mushe. Mushe, jirgin ruwa zai iya zuwa nan daga Tunisiya?"

Bai yi dariya ba. Ya tashi ya kai ta gaban taswirar da ke rataye a bango. Ya ɗora yatsa a wani ɗigo ya ce nan ne Dogon Dutsi, Dumega tana ɗan ƙasa da shi. Sai ya ja yatsan sama, ya yi ta ja a kan launin rawaya mai faɗi, har ya isa wani shuɗin wuri.

"Nan babanki yake. Duk wannan rawayan da muka ratsa rairayi ne da duwatsu. Babu kogi ko ɗaya da ya haɗa can da nan."

"To jirgin ina yake zuwa?"

"Wannan kam sai ki tambayi mai tsaronsa," in ji Mushe. Ya taya ta danna kiran da ake ganin juna, ya koma kan takardunsa.

Fuskar Naziru ta fito, da hula a kansa, rana tana dukan sa.

"Basira! Uwata ta kaina! Lafiya? Ina innarki?"

"Tana gida. Baba, an yi ruwan shuka shekaranjiya."

Murmushinsa ya ragu. "Na ji. Idi ya aiko mini saƙo. Kun shuka?"

"Kaka ta ce kana hanya. Ta ce da jirgi za ka zo."

Naziru ya cire hular ya shafa kansa.

"Baba, nuna mini jirgin. Duka."

Ya juya wayar. Basira ta ga wata doguwar gadar katako a kan ruwa, da jirage jere a gefenta kamar shanu a turke, fari kusa da fari, sun fi ƙarfin ta ƙirga. Ya nuna mata nasa. An ɗaure shi da igiyoyi huɗu masu kauri, kuma a jikinsa an rataya wasu manyan robobi masu iska.

"Don mi aka ɗaure shi haka? Yana gudu ne?"

"Iska ke tura shi. In igiya ɗaya ta tsinke sai ya bugi na kusa da shi. Robobin nan su ke hana su gogar juna. Kullum da safe sai na duba igiyoyin ɗaya bayan ɗaya."

Ya shiga da ita ciki. Ga kujeru masu laushi an rufe su da farin ƙyalle. Ga wurin girki mai tsabta, babu tukunya ko ɗaya a kan wuta. Ga ɗakuna uku, kowanne da gado a gyare.

"Wanne ne naka?"

Ya yi dariya. "Babu nawa a nan. Ni ina da ɗan wuri can baya, kusa da inji."

"To wa ke kwana a waɗannan?"

"Ba kowa."

"Wa ke girki?"

"Ba kowa."

Basira ta gyara riƙon wayar. "Baba, yara sun yi mini dariya. Sun ce yaya za a wanke abin da ke cikin ruwa da ruwa."

"Ki ce musu ruwan nan gishiri ne, ko akuya ba za ta sha ba. Iska tana watso shi a jikin jirgi, in ya bushe sai ya ci ƙarfe. Shi ya sa nake jawo tiyo daga famfo in wanke da ruwan daɗi, in goge. Ƙasansa kuma, wanda ke cikin ruwa, gansakuka da ƙananan katantanwa ke manne masa. Watan jiya aka ɗaga shi sama da wata babbar na'ura, muka kankare, muka shafa fenti, aka mayar. Kwana tara muna yi."

"Injin fa?"

"Duk mako ina tayar da su biyun, su yi ta ƙugi kamar rabin awa, in kashe."

"Ku je ina?"

"Ba ma zuwa ko'ina. Don kada su lalace da zama ne."

Nan kan Basira ya ƙara ɗaurewa. Gida ne da ba a kwana a ciki, mota ce da ba ta tafiya, dabba ce da ake kiwo ba nono ba haihuwa. Kuma saboda wannan abin ne gonarsu take bushewa.

"Baba, tunda ba ya zuwa ko'ina, ka bar shi mana. Yanzu damina ce, ruwan sama zai wanke maka shi. Ka zo ka sara rami ka koma."

Naziru ya ɗaga wayar sama. "Dubi nan. Mi kika gani?"

Sama ce shuɗiya, ko ɗigon girgije babu.

"Nan ba a ruwa yanzu, Basira. Ruwansu da sanyi yake zuwa, lokacin da mu muke rani. Yanzu zafinsu ke farawa, kuma da zafi suke samun hutu. Mai jirgin nan yana zaune a Faransa. Saura kwana goma sha biyu ya zo da matarsa da ƴaƴansa. Ranar ne za a cire ƙyallayen nan, a kunna wuta a wurin girki, a kwance igiya. Za mu fita cikin teku, su yi wanka, su ci abinci, mu dawo da yamma. Sati uku ko huɗu, sai su koma. Bayan su ƙaninsa zai zo, shi ma ya yi nasa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Duk wankin da na yi tun watan ɗaya, da fentin, da injin, don waɗannan kwanakin ne. In ya zo ya tarar ba na nan, ko inji ya ƙi tashi, to duk abin da na yi ya tafi a banza, kuma wani za a ba aikin."

Basira ta dubi taswirar bango. Ta tuna yadda tun watan uku ita da innarta suke kai takin awaki gona a kwando, suna sassabe, suna ƙona kara. Duk wannan don kwana biyun nan ne da ƙasa take da danshi.

"Baba," ta ce a hankali, "wato kai ma shukarku ta kusa."

Ya gyaɗa kai. "Haka ne, uwata. In sun tafi, aka fitar da jirgin kan tudu aka lulluɓe shi, zan zo. Zan tarar da ku kuna girbi."

"Ka faɗa wa Kaka."

"Na kasa, Basira. Bakina ba ya iya furta mata."

"To ni zan faɗa."

A ƙasar Arewa, abin da ɗa ba zai iya faɗa wa uwarsa ba, da abin da suruka ba za ta iya ba, jika yana iya faɗa wa kakarsa, domin tsakaninsu akwai wasa. Basira ba ta taɓa tunanin wannan wasan yana da wani amfani ba, ban da tsokana a kan goro da haƙoran da suka zube. Ta sauko daga tudun da gudu.

Ta tarar da Kaka Hindatu a inda ta bar ta, a gindin rumbu. Maimunatu tana bakin ƙofar ɗaki. Basira ta zauna a kan tabarmar, har gwiwarta tana taɓa ta tsohuwar.

"Tsohuwa, Baba ba ya zuwa."

"Ke, uwar tsiya, wa ya aike ki?"

"Ba wanda ya aike ni. Na gan shi yanzu da idona, yana kan jirgin, an ɗaure shi da igiya huɗu. Kuma Mushe ya nuna mini, tsakaninmu da su duk rairayi ne. Ko kwaɗo ba zai iya iyo daga can ba."

"Auta ya ce mini shina tahe."

"Bai ce ba. Cewa ya yi za a ga yadda Allah ya yi. Kunyarki yake ji, don kin cika faɗa."

Maimunatu ta rufe bakinta da gefen zane. Kaka Hindatu ta ɗaga hannu kamar za ta kai mata duka, ta sauke.

"To mi ya riƙe shi? Abin da ba ya ɗaukar kaya, ba ya kama kihi?"

Basira ta yi ƙoƙarin jera abin da ta ji. Ta faɗi maganar gishiri da ke cin ƙarfe, da gadajen da ba a kwana a kai, da injin da ake tayarwa ba a je ko'ina ba. Tana faɗa tana ganin fuskar tsohuwar tana ƙara yamutsewa. Sai ta bar wannan duka.

"Kaka, in mutum ya kai taki gona, ya yi sassabe, ya gyara komai, sai ranar da ruwa ya sauka ya ɗauki jaka ya tafi, mi za ki ce da shi?"

"Mahaukaci."

"To mai jirgin sau ɗaya yake zuwa a shekara, kamar ruwan shuka. Saura kwana goma sha biyu. Baba ya gama sassabensa, jira yake."

Tsohuwa ta juya ta dubi sungumin. Wata kaza ta zo ta tsattsaga kusa da tabarmar, ba wanda ya kore ta.

"Su can," ta ce daga baya, "mi suke girba?"

"Ba su girbin komai. Wanka suke yi a ruwa su koma gida."

"Wanka."

"E."

"Mutum ya sayi gida mai inji biyu, ya ɗauki ɗan mutane shekara guda, don ya yi wanka." Ta girgiza kai. "Ban gane ba, kuma ba na jin zan gane. Amma na ji ɗana yana da amana a hannunshi."

Ta sa hannu ta tona ƙasar da ke gefen tabarmar, ta murza ta a yatsunta, ta dubi rana. Sannan ta dafa rumbu ta miƙe, ta ɗauki sungumin ta miƙa wa Basira.

"Tashi. Jininshi ce ke. Ke za ki sara."

"Ni? Kaka, ya fi ni tsawo."

"Bakinki ma ya hi ki tsawo, kuma kina ɗauke da shi. Maimunatu, hau rumbu ki sauko da iri. A kira mini Idi."

Sun isa gona rana ta ɗan karkata. Basira ta kama ƙotar da hannu biyu, ta yi bisimilla, ta ɗaga da ƙyar ta sara. Ramin ya fito a karkace, kuma bai yi zurfi ba. Kaka Hindatu ta sunkuya ta leƙa, ta ga ƙasan ramin baƙi ne da sauran danshi. Ta zuba ƙwayoyi da hannunta, ta rufe da diddige.

"Ya yi," ta ce.

Idi ya karɓi sungumin ya shiga gaba. Maimunatu ta goya Kamal, ta ari wani sungumin a gonar maƙwabta ta bi layi na biyu, ko da yake ba ta taɓa riƙe shi ba. Basira da Kaka suna biye suna zuba iri. Ba su gama ba ranar. Sun ƙarasa washegari kafin a tafi masallacin Juma'a, kuma can gefen tudu, inda ƙasa ta riga ta bushe, sai binnewa suka yi suka bar wa ruwa na gaba.

A hanyar komawa gida Kaka Hindatu ta sake tambayar Basira ko da gaske ba a kwana a gadajen nan uku. Basira ta ce da gaske ne. Ita ma har lokacin ba ta san dalilin da zai sa mutum ya ajiye jirgi shekara guda don wankan sati uku ba. Abin da ta gane shi ne babanta bai manta da gonarsu ba: aikin da aka ba shi yana da tasa daminar, kuma ta faɗo lokaci ɗaya da tasu.